Ɗakin da ke bayan shagon tela: rubutun aikin zama da matasa a Zariya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na karɓi makulli. Ɗakin yana bayan shagon wani tela a Tudun Wada, na biya hayar wata shida daga aljihuna. Kujerun roba biyu, ɗan tebur, fanka ta tsaye, da labule mai kauri da maiɗakina ta ba ni aro. Ba don arha kaɗai na zaɓe shi ba. Duk wanda aka ga ya shiga lungun, za a ɗauka ɗinki ya kawo. A garin nan in aka ga saurayi ya shiga inda aka kafa allo an rubuta lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin ya fito labari ya riga shi isa majalisa cewa ya zare. Saboda haka babu allo.

Shekara 16 na yi ina ba ɗaliban sakandare shawara, bayan na karanci fannin a Jami'ar Ahmadu Bello. Yaran da na sani suna aji uku, yanzu su ne nake haɗuwa da su a PZ ko a bakin masallaci da gemunsu da kwalin digiri. Sai mutum ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Malam, ina son ganinka." Ba ya zuwa, don babu inda za a gana. A gidansu akwai ƙanne, a zaurena akwai baƙi.

Tsarin shi ne matasa goma, daga shekara 20 zuwa 30, kowa shi kaɗai, minti 50 sau ɗaya a mako, zama takwas. Laraba bayan La'asar da Asabar da safe. Ni ba likita ba ne, ba na rubuta magani. Ƙashin bayan aikin na aro shi daga wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira PM+, wanda aka shirya don waɗanda ba likitoci ba su iya taimaka wa mai damuwa a zama biyar na minti 90. Na rage tsawon na ƙara yawan, don na san mutanena: zaman farko da rabin na biyu gaisuwa ce za ta cinye su.

Duk sunan da zan ambata a nan laƙabi ne na ƙirƙira, na kuma sauya wasu bayanai, da yardar masu abin.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mutum huɗu sun fara. Wanda ya tsaya mini a rai zan kira shi Injiniya, don haka ake kiransa a majalisarsu, kuma ya ce duk sanda aka kira shi da sunan sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Shekararsa 27. Karatun shekara biyar ya ci masa bakwai: korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, sannan na 2022 da ya faro daga 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ya yi bautar ƙasa a kudu yana karɓar alawus na naira 33,000, har yana turo wa mahaifiyarsa dubu biyar duk wata. Ya ce wannan shekarar ce kaɗai ya taɓa jin shi mutum ne. Ya dawo cikin birni, shagon ƙofar gida da ya bari yana ɗan shekara 19, katifar nan dai, sai dai yanzu ƙannensa biyu sun tare a ciki.

Na tambaye shi yadda yake wuni. Ya ce yana tashi Asuba, ya koma ya kwanta sai Azahar. Na ɗauka barci ne. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa kafin ya ce, "Malam, idona biyu. Ba na so a ƙirga da ni a kuɗin ƙosai ne."

Na ba shi takardar tambayoyi tara ta PHQ-9, wadda ake auna nauyin ciwon damuwa da ita, maki daga 0 zuwa 27. Ya samu 16. Daga 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci. Amma sai da na ajiye takardar na yi tambayoyin da baki, domin in ka tambayi Bahaushe ko yana jin baƙin ciki, amsar ita ce alhamdu lillahi. Sai ka tambayi barci, ka tambayi cin abinci, ka tambayi yaushe rabonsa da zuwa ɗaurin auren aboki. Nan gaskiya take fitowa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Kwana da kwanaki babu wuta a kusan duk Arewa. Ban san ƙarar injin surfanin tela ce ke rufa mana asiri ba sai da ta ɗauke. Yau har tarin mai guga ana ji ta bango. Yaro ɗaya ya zauna minti 40 yana magana kamar mai raɗa a masallaci, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Na sayi ƙaramar rediyo mai batir, zan riƙa ajiye ta a bakin ƙofa. Mutum biyu ba su zo ba. Ɗaya daga Samaru yake, litar mai ta haye naira dubu, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi ƙarfinsa. Ban yi wannan lissafin ba tun farko.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An cika goma: maza bakwai, mata uku. Da matan ƙofa a buɗe take, labule a sake rabi, 'yar rakiya tana zaune a baranda kusa da rediyo. Tana ganinmu, ba ta jin mu. Iyaye sun yarda da haka, ni ma hankalina ya fi kwanciya.

Wadda zan kira Yaya Babba shekararta 26, tana da NCE, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a kan naira 25,000 a wata, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000. An aurar da ƙannenta biyu. Ta zo ne da ciwon ƙirji. An yi mata gwajin gyambon ciki, an yi ruƙiyya sau biyu, an sha rubutu. Ban ce mata ta daina ko ɗaya ba, ba hurumina ba ne, kuma addu'a ba ta taɓa hana ni aiki ba. Na dai roƙe ta ta riƙa rubuta lokacin da ƙirjin ke tashi, da abin da ya faru kafin nan.

Yau ta kawo takardar. Sau shida a mako biyu. Huɗu daga ciki ranar da aka kawo katin biki gidan ne, ko wata gwaggo ta zo. Ɗaya kuma ranar da ta ji wata maƙwabciya ta ce, ba da ita take ba wai, "kaya in ya yi kwantai sai a rage kuɗi." Ita da kanta ta ga layin kafin in nuna mata. Ta dubi takardar ta ce, "Ashe ba aljani ba ne, Gwaggo ce." Muka yi dariya har 'yar rakiya ta leƙo.

Da dariyar ta lafa na tambaye ta me ita take so. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce tun da ta gama sakandare ana tambayarta wa take so, ba a taɓa tambayarta me take so ba. Digiri take so. Auren ma tana so, amma ba na gudun gori ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wannan makon na gane na ɗauko ma'aunin wasu ina auna mutanena da shi.

A shekarar 2000 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jeffrey Arnett, ya ce tsakanin shekara 18 da 25 wani zango ne na daban, mutum ya wuce yaro bai kai babba ba. Da aka tambayi matasan can me ke sa mutum ya zama babba, abin da suka fi faɗa shi ne ɗaukar alhakin kanka, yanke shawara da kanka, da tsayawa da ƙafarka ta fuskar kuɗi. Da wannan na shigo ɗakin nan. Ina ta tura yara su tsara rayuwar kansu, su rubuta burin kansu, ina mamakin yadda suke kallona kamar na yi musu Faransanci.

Sai na juya tambayar gare su, ɗaya bayan ɗaya: a gidanku, yaushe ake cewa wane ya girma? Babu wanda ya ce ranar da ya bar gida. Ɗaya ya ce ranar da ka shigo da cefane ba a aike ka ba. Wata ta ce ranar da Inna ta rufe ƙofa ta yi shawara da ke. Wani ya ce ranar da Baba ya ce je ka wakilce ni a jana'iza. Injiniya kuwa ya ba ni labarin ƙanensa, wanda bai wuce sakandare ba, ya koyi gyaran waya a Sabon Gari, yanzu yana da mata da ɗa. In za a yi maganar gyaran katanga ko kuɗin makarantar yara, ƙanen ake kira ɗakin Baba. Shi kuma yana shago yana jin tashin muryoyinsu. Ya ce rashin aikin bai kai wannan ciwo ba.

To ashe a nan girma ba sauke mutane daga kanka ba ne, a ɗora maka su ne. Yaran nan ba 'yanci suke nema ba. Kaya suke nema a ɗora musu, kuma an hana su ɗauka, domin duk ƙofofin da aka saba shiga girma ta cikinsu, aure da cefane da ɗakin kanka, yanzu kuɗi ne makullinsu. Iyayenmu sun yi aure suna da shekara 22 da kadada ɗaya ko albashin malamin firamare. Su ne kuma yau suke duban ɗan shekara 28 suna cewa yaran zamani ba su da zuciya. Ba mugunta ba ce, da ma'aunin zamaninsu suke awo, kamar yadda ni ma na yi da na Amurka.

Na sauya aikin gida da nake bayarwa. Maimakon "rubuta burinka na shekara biyar", yanzu tambayar ita ce: wane nauyi ne a gidanku, komai ƙanƙantarsa, wanda ba ya bukatar kuɗi, da za ka iya ɗauka daga nan zuwa Asabar?

Asabar, 14 ga Disamba

Rana mai nauyi. Tambaya ta tara a takardar nan tana tambayar ko mutum yana jin gara ya mutu, ko yana tunanin cutar da kansa. Wani yaro mai shekara 24, wanda sau uku yana cewa a'a, yau ya ce e. Na tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, ko ya shirya wani abu. Ya shirya.

Tun zaman farko nake gaya wa kowa cewa sirrinsa sirri ne, sai fa in rai na cikin haɗari. Na tuna masa. Na ce ya zaɓi mutum ɗaya a danginsa da za mu kira. Ya ƙi uba, ya ƙi uwa, ya zaɓi kawunsa. Kawun ya zo a kan babur cikin rabin sa'a, hazo duk ya yi masa fari a gira. Bai yi faɗa ba, bai yi wa'azi ba, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Tashi mu je, ɗana." Na bi su har Shika, asibitin koyarwa, aka haɗa shi da likitocin ƙwaƙwalwa. Wannan ya wuce kujerar roba da rediyo.

A hanyar dawowa na tuna cewa sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Kafin nan dokar 1958 ake amfani da ita, wadda ko sunanta na mahaukata ne. Ba mamaki har yau in ka ce wa mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa sai ya ji ka zage shi.

Ban iya cin tuwon dare ba.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Ina shirin rufewa sai ga dattijo da babbar riga da carbi, tela na biye da shi yana yi mini alama da ido. Mahaifin Injiniya ne. Wani ya ga ɗansa yana shiga lungun duk Asabar ba ya fitowa da ɗinki.

Na ba shi kujera na tsuguna muka gaisa. Ya ce, "Malam, me yaron nan yake faɗa maka a kaina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka faɗa a ɗakin nan amana ce. Ko kai ka faɗa mini magana, ba zan kai masa ba."

Ya ce, "Ɗana ne fa. Ni na haife shi."

Na ce, "Haka ne, Baba. Shi ya sa ya fi kyau ka ji daga bakinsa."

Ya yi shiru yana jan carbi. Na zaci zai tashi cikin fushi. Sai ya ce shi fa ba ya sa yaron aiki ne don yana jin nauyinsa. Mutum ya yi digiri, ya za a yi a aike shi sayen taki? Yana ganin in ya kira shi shawarar katanga, kamar yana nuna masa ga abin da ka kasa ne. Na cije leɓe. Amsar duk tana bakina, kuma ba ni da ikon furta ta. Uba na ƙyale ɗa don kunya, ɗa na ɗaukar ƙyaliyar a matsayin raini, katanga ɗaya ce tsakaninsu, wata bakwai. Abin da kawai na ce shi ne zan gaya wa Injiniya ya zo, don ba na ɓoye wa wanda nake zama da shi irin wannan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na gaya masa. Da farko ya fusata, ya ce shi ke nan an gama da shi a unguwa. Muka yi zama guda a kan jimla ɗaya da zai faɗa wa mahaifinsa. Ya rubuta, ya soke, ya maimaita a gabana har sau biyar, ni ina zaman Baba. Jimlar da ya tsaya a kai: "Baba, in akwai abin da zan riƙa yi a gonar rani, ina so."

Suna da fadama a bakin Galma, wajen Dakace, tumatir da albasa. Injin ban ruwan ya shekara yana ba su wahala, duk mako sai an kira mai gyara. Yau ya shigo da baƙin mai a farce, bai ko wanke sosai ba, ina jin da gangan. Ya kwance injin, ya gano matsalar, ya gyara. Maƙwabcin gona ya kawo nasa. Ba a biya shi ko sisi ba, sai kwandon tumatir, wanda ya ɗauka da kansa ya dire a tsakar gida gaban mahaifiyarsa. Ya ce washegari ya fito karin kumallo.

Makinsa ya sauko zuwa 9. Ba na rantsuwa da lamba, amma na ga yadda ya zauna a kujerar, bayansa a jingine.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ba duka ke tafiya haka ba. Auta, ɗan shekara 22, ya daina zuwa, kuma laifina ne. Ya shafe watanni yana dangwalar waya dare da rana, mainin ɗin nan na neman kuɗin intanet da ya ɗauke hankalin samari, ya riga ya raba kuɗin a ransa: babur, lefe, Umara ga Hajiya. Da aka fashe, abin da ya samu bai kai kuɗin datar da ya ƙona ba. A zama na uku ya ambaci ƙwayoyin da yake sha don ya yi barci. Maimakon in saurara, sai tsohon malamin makaranta ya motsa a jikina, na shiga yi masa bayanin illa, har da tarihin yadda aka hana maganin tari mai kodin a 2018. Ya ce, "To, Malam. Na gode, Malam." Na san wannan "to" ɗin. Sau uku na kira, sau ɗaya ya ɗauka ya ce yana hanya. Mako huɗu ke nan yana hanya.

Wata kuma an sa mata rana, gidan mijin sun ce ba su ga dalilin zuwan ba. Ta aiko 'yar rakiyarta ta gaya mini.

Asabar, 22 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, na mayar da duk zama safiya. Tela da yaransa kwana suke ɗinkin Sallah, ƙara har ta yi yawa, rediyo ta huta.

Ban san Sallah na tayar wa matasa hankali haka ba. Mutum uku sun kawo maganar ba tare da na tambaya ba: ƙanne za su zo barka da Sallah, hannu babu komai, budurwa na jiran kayan Sallah, abokan da ke aiki a Abuja da Kaduna za su dawo da motoci, a haɗu wajen kallon hawa. Ɗaya ya ce bara a ɗaki ya yi Sallarsa, ya ce wa mutane zazzaɓi yake. Muka tsara abin da zai yi bana: zai je Idi, zai kai kakarsa gaisuwa gidajen dangi tunda ba ta iya tafiya ita kaɗai, kuma in an tambaye shi ina ake yanzu, ya tanadi amsa gajeriya da ba ƙarya ba ce ba kuma tonon asiri ba.

Yaya Babba ta gama zamanta takwas. Ta sayi fom ɗin digiri na hutun ƙarshen zango da kuɗin adashinta. Ta zauna da mahaifiyarta, su biyu, ƙofa a rufe. Ba ta faɗa mini duk abin da aka ce ba, ban kuma tambaya ba. Ƙirjin na tashi har yanzu in Gwaggo ta zo, amma ta ce yanzu tana jan numfashi yadda muka koya, ta ƙirga, ta miƙe ta ɗora ruwan shayi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Lissafi: goma suka fara. Shida sun kammala. Biyu sun bari. Ɗaya yana hannun likitoci a Shika, kawunsa na kirana duk bayan mako biyu, ya ce yana shan magani, ya koma zuwa masallaci. Ɗaya na ƙara masa zama huɗu don ba mu kai ko'ina ba tukuna. A cikin shidan babu wanda ya samu aikin albashi. Injiniya na nan yana tura takardu, yana kuma gyaran injunan ban ruwa, yanzu ana biyansa kaɗan. Ranar Sallah mahaifinsa ya aike shi ya wakilce shi gaisuwar rasuwa a Giwa. Ya kira ni daga tasha don kawai ya gaya mini.

Mata sun fi maza neman shiga zagaye na biyu, kuma akwai abin da ba za su faɗa mini ba ko da rediyo goma. Wata tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata da ta yi ritaya ta yarda ta karɓi Laraba, in na koya mata tsarin. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda da kakanni ya yi irin wannan aiki, a kan benci a harabar asibiti, don haka ban ga abin da zai hana Hajiya ba. Sharaɗinta ɗaya: a canza kujerun roba, bayanta ba zai ɗauka ba.

Haya ta ƙare tun makon jiya. Mai ɗakin ya ƙara kuɗi, tela ya sa baki an rage kaɗan. Sunaye 14 ke jira, zan ɗauki takwas, kuma wannan karon zan ware kuɗin motar masu zuwa daga Samaru da Shika. Na sake tura wa Auta saƙo jiya da dare, na ce ƙarfe goma na Asabar nasa ne har yanzu. An nuna ya karanta.